Uwargida, Ki Kai Naki Wurin Nunin Amfanin Gona

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da yawancinmu muke jin ana shelarsa a rediyo, amma muna ɗauka ba da mu ake ba. Watau nunin amfanin gona, inda akan kai kayan lambu da furanni da abincin da aka sarrafa, alƙalai su duba, su fid da na ɗaya da na biyu da na uku. Ra'ayina shi ne ya kamata mu riƙa shiga wannan gasa, kowace da abin da hannunta ya yi, kuma da sunanta.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan, wani abu ne da ya same ni bara waccan. Muna da ɗan lambu a bayan makarantarmu, ni da 'yan matan ajina muke kula da shi. Da aka yi shela za a yi nuni a hedkwatar ƙaramar hukumarmu, sai muka ce mu ma za mu gwada. Ranar tafiya na shiga lambu da kaina, na bi na tsinko duk tumatirin da ya fi girma, na cika kwando fal. A zuciyata kuwa na riga na gama rabon kyauta. Da aka zo sanarwa, ko na uku ba mu samu ba. Wanda ya ci wani ɗan faifai ne da tumatir shida kacal a kai, wani yaro ya kawo shi. Na ji haushi ƙwarai, har na tari malamin gonan da ya yi alƙalanci na ce, "Malam, ina laifin namu?" Sai ya ɗauki ɗaya daga cikin nawa ya juya shi, ya nuna mini tsaga a wajen hancinsa. Ya ɗauki wani ya nuna mini inda tsutsa ta huda. Sa'an nan ya ce, "Malama, da kasuwa kika je, wanne za ki saya wa gidanki?" Shidan nan girmansu ɗaya, nunarsu ɗaya, babu tabo ko guda. Na yi shiru, don ba ni da ta cewa.

Faɗuwar ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Da aka kira mai faifan, sai wani dattijo ya fito ya karɓi kyauta, aka yi masa tafi, aka ɗauki hotonsa. Daga baya yaron ya gaya wa 'yan matana cewa kakarsa ce ta shuka tumatirin a cikin gida, a tsofaffin kwanoni da fasassun tukwane, tana ba shi ruwan wankin shinkafa. Dattijon kuwa ko inda shukar take bai cika leƙawa ba. Ban ga laifinsa ba, domin sunan maigida aka ce a rubuta, shi kuma ya rubuta. Amma tsohuwar nan ta yi wata uku tana ɗawainiya, aka tashi taro ba wanda ya ji an ambace ta. Mu nawa ne haka a cikin gidajenmu?

AI DAMA MUNA GASA

Wata za ta ce, "Mu ina ruwanmu da gasa? Wannan ai ta maza ce." To 'yar'uwa, ki tuna ranar da aka kawo gara gidan maƙwabtanku. Tun ba a gama sauke fanteka ba mata suka kewaye ta. Wannan ta gutsiri alkaki ta ce bai sha zuma ba, waccan ta taɓa nakiya ta ce mai ya yi mata kaɗan, wata kuma ta tsaya tana ƙirga dubulan da ido. Kafin la'asar an yanke hukunci, kafin magariba labari ya gama unguwa. In wannan ba gasa ba ce, mece ce? Haka kwanukan da ake fitar wa maza ƙofar gida da dare. Kowa ya san akwai kwanon da ake sauri a buɗe, akwai wanda yake komawa da sauran tuwo.

Gasa kam muna yinta kullum. Aibinta shi ne ba ta da ƙa'ida, ba ta da alƙali, a bayan ido ake yinta, kuma galibi mai hali ce take ci, domin yawan fanteka ake fara dubawa kafin a ɗanɗana. Wadda aka kushe ba ta san an kushe ta ba, balle ta gyara. Wadda aka yaba, ba a gabanta aka yaba ba. Abin da kawai ake kwashewa daga irin wannan gasa shi ne tsegumi da gaba. Gasar nuni kuwa, in an tsara ta yadda ya kamata, tana iya ɗora faifan matar leburan gona a gaban na matar attajiri, kuma wadda ta faɗi ta koma gida da sanin inda ta kuskure. Ni dai na koma da nawa darasin, kuma ba a aji na same shi ba.

YADDA AKE YI A INGILA

Al'adar nunin nan a zamanin mulkin Turawa ta shigo mana, saboda haka ba laifi mu leƙa gidan da aka ɗauko ta, mu ga yadda suke yi. A Ingila akwai babbar ƙungiyar masu lambu wadda aka kafa a Landan tun 1804. Ita ce take shirya shahararren nunin furanni na unguwar Chelsea, wanda aka fara a 1913. Samarinmu sun san sunan unguwar ne saboda ƙwallo, amma masu lambu na duniya saboda fure suka san ta. To wannan na manya ne. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na ƙauyuka. A lokacin zafinsu, watau daga Yuli zuwa Satumba, ƙauyuka da yawa sukan keɓe rana guda, galibi Asabar, su kafa babban tanti a fili, ko kuwa su share ɗakin taron ƙauye, kowa ya kawo abin da ya shuka ko ya gasa.

Tun da sauran watanni kwamiti yakan buga ɗan littafin ƙa'idoji. A ciki an rarraba gasar aji-aji. Akwai ajin tumatir, a ce biyar za a kawo, kowanne da hancinsa. Akwai ajin albasa, a ce uku, an ɗaure wuyansu tsaf. Akwai na karas da na wake da na dankali. A wajen furanni akwai ajin wardi ɗaya tak a cikin kwalba, akwai na damin furanni gauraye. A wajen abinci akwai kek da burodi da biskit, da 'ya'yan itacen da aka dafa da sukari aka ɗura a kwalba, wanda suke kira jam. Yara ma da nasu aji, inda sukan haɗa siffar dabba da kayan lambu, ko su tsara ɗan ƙaramin lambu a kan faranti. Kuɗin shiga 'yan kwabbai ne. Doka kuma ita ce abin da kika kawo ke kika shuka shi, ko ke kika gasa shi da hannunki. Na kasuwa ba ya shiga.

Da safe kowa ya kawo nasa ya jera a kan tebur, a ajiye masa kati mai lamba, suna kuwa a kife. Sa'an nan a fitar da kowa, a rufe ƙofa, alƙalai kaɗai su rage. Ba su san na wane suke dubawa ba. Mai duba abinci takan yanka kek ta ga cikinsa, ta ɗanɗana, ta buɗe kwalba ta ga ko jam ya kama. Sau da yawa sukan bar 'yar takarda a gefe, a rubuta abin da ya yi kyau da abin da ya rage. In an ce biyar kika kawo shida, an fid da ke, ko da naki ya fi na kowa kyau. Da rana a buɗe ƙofa, jama'a su shigo, kowa ya nufi teburinsa gaba na faɗuwa. Galibi jan kati shi ne na ɗaya, shuɗi na biyu. Kyautar kuɗin ba ta taka kara ta karya ba, fam ɗaya ne ko biyu. Kofi ma aro ne, a zana sunanki a jikinsa, ki ajiye shekara guda ki mayar. Da yamma sai a yi gwanjon kayan da aka bari.

Kada ku ɗauka abin wasan yara ne a wurinsu. A arewacin ƙasar akwai wani ƙauye, Egton Bridge, inda tun 1800 suke da ƙungiyar da ke gasar wani ɗan itace mai tsami da suke kira guzberi, wanda a ƙa'ida bai wuce girman kanya ba. Ranar Talatar farko ta Agusta ake haɗuwa, a ɗora kowanne a kan ma'auni, wanda ya fi nauyi ya ci. Fiye da shekara 200 ke nan, kaka ya bar wa jika.

Teburin abinci kuwa mata ne suka riƙe shi, musamman 'yan ƙungiyar matan karkara da ake kira Women's Institute. A Kanada aka fara kafa ta a 1897, ta isa Biritaniya a 1915. Akwai masu yi musu dariya, ana cewa ba su da aiki sai dafa jam. Amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, abinci ya yi wuya, gwamnatinsu ta ba su fam 1,400 a 1940 don sayen sukari. Daga 1940 zuwa 1945 matan nan sun adana fiye da tan 5,300 na 'ya'yan itace waɗanda da sun ruɓe a gindin bishiya. Ku dubi yadda tumatir yake zubewa a kasuwanninmu lokacin da ya yi araha, sa'an nan ku tuna kuɗinsa da damina. Hannun da ya iya adana abinci da tsabta ba abin rainawa ba ne a kowace ƙasa.

ABIN ƊAUKA DA ABIN BARI

Ba duk abin da suke yi ne nake so mu kwaikwaya ba. Akwai masu gasar girma kawai. A 2023, a nunin garin Harrogate, an auna albasa guda ɗaya ta kai kusan kilo 9. Abin mamaki ne, amma wace miya za a yi da ita? Wannan wasan wanda rumbunsa ya cika ne. Haka kuma ba na son kek ya zo ya ture mana alkaki. Teburin abincinmu ya kamata a ga nakiya da dubulan da gireba da gurasa da funkaso, a ga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa, da busasshiyar kuɓewa da kaudar tumatir, kek ya samu nasa gefe kamar kowa. Watanninsu ma ba namu ba ne. Mu lokacinmu biyu ne, da kaka in amfanin damina ya zo gida, da kuma tsakiyar hunturu, Janairu da Fabrairu, sa'ad da lambu yake kan ganiyarsa.

Abin ɗauka daga gare su uku ne, watau ƙa'ida a rubuce, da ɓoye suna har a gama hukunci, da kiran sunan mai aikin bayan an gama. Ba sabon abu za a ƙirƙiro mana ba, domin nunin yana nan. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, akan haɗa shi da nunin amfanin gona. A Gana tun 1985 suke da Ranar Manoma, galibi Juma'ar farko ta Disamba, kuma gwarzon manomi na farko adda biyu aka ba shi da takalmin ruwa da rediyo. Kun ga ashe ba girman kyauta ba ne ya raya abin. Suna shi ne jari. Ku dubi albasar Galmi ta ƙasar Nijar, da ta Aliero a Jihar Kebbi, sunan garin kaɗai yana sayar da buhu. Haka matar da aka ji alkakinta ya zo na ɗaya, duk mai aurar da 'ya a unguwar ƙofarta za ta ƙwanƙwasa. A wurin nuni ne kuma za ki ga irin kuɓewa ko gautan da ba ki da shi, ki roƙi iri, ke ma ki ba da naki, irin kakanninmu ya daina ɓacewa.

MASU CEWA A'A

Na san akwai dalilan da suke hana mu, kuma ba na raina su. Na farko shi ne kulle. To wadda take cikin kulle ba sai ta fita ba. Furarta da ƙosanta kullum suna fita ba tare da ita ba, faifan nuni ma haka zai fita. Ki fara neman iznin maigida, ki yi masa bayani cikin ladabi a lokacin da hankalinsa yake kwance. In ba ya son a kira sunanki a bainar jama'a, to a rubuta uwargidan Malam wane, ko amaryarsa, a dai san aikin mace ne, kyautar kuma ta shigo ɗakinki. Namijin kirki ba ya jin kunyar a ce matarsa ta iya. Girman ai na gidansa ne.

Na biyu shi ne tsoron baki. Ban ce babu shi ba. Amma muna baje kayan lefe a tsakar gida, muna jera kwanuka har rufin ɗaki don a gani, ba mu fasa ba saboda baki. Sai a kan tumatir shida za mu tuna da shi? Ki yi addu'arki, ki kai kayanki, Allah shi ne mai tsarewa.

Na uku, waɗansu suna cewa almubazzaranci ne a baje abinci don kallo. Da a ce zubarwa ake yi, da na yarda. Amma abin da aka nuna ana iya sayar da shi a wurin, ko mai shi ta ɗauki abinta, ko a haɗa a kai asibiti ko makarantar allo.

Na huɗu maganar fure ce. Sau da yawa nakan ji ana cewa fure ba ya shiga miya. 'Yan makaranta ku gaya wa iyayenmu abin da kuka koya. Kabewa da kankana da gurji, kowannensu yana da fure namiji da fure mace dabam dabam, kuma ba ya yin 'ya'ya sai ƙudan zuma ko wani ƙwaro ya ɗauki garin wannan ya kai wa wancan. Gidan da yake da furanni yana kiran ƙudan zuma, kabewarsa kuma ta fi kamawa. Zoɓon da muke sha daga furen yakuwa yake fitowa. Wadda kuma ta taɓa wucewa ta gindin lalle yana fure da almuru, ta san ba Turawa kaɗai Allah ya yi wa hanci ba.

Na biyar shi ne wanda ya fi ƙarfi, watau son kai. Mata da yawa sun ce mini, "Malama, me za mu je yi, ai an riga an san mai ci." Gaskiya ne irin wannan yana faruwa, kuma shi yake kashe nuni. Saboda haka ina kira ga masu shiryawa da su dubi Allah. A ba kowa lamba, a ɓoye suna. A ɗauko alƙali daga wani gari. Teburin abinci a sa mata masana su duba shi, domin namijin da bai taɓa tuƙa nakiya ba, da me zai auna ta? A faɗi ƙa'ida a rediyo tun da wuri, da Hausa. A ware aji na lambun cikin gida, kada a haɗa tsohuwa mai fasasshiyar tukunya da manomin da yake da eka goma a Kadawa. Kuma a rubuta wa kowa dalilin cinsa ko faɗuwarsa, ko da layi ɗaya ne.

Saura kunyar faɗuwa. Wannan kam ni na riga ku sha, kuma ga ni ban mutu ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

IN KIN YI NIYYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki fara da neman sanin ƙa'ida a wurin malamin gona ko malamar makarantar 'yarki, nawa ake so, da ƙarfe nawa ake rufe karɓa. Ki zaɓi abu ɗaya ko biyu da kika fi iyawa, kada ki ce sai kin shiga ko'ina.

Tumatir ki tsinke shi da hancinsa, ki zaɓi masu girma ɗaya da nuna ɗaya, masu tauri, ki goge da tsumma mai laushi. Abin da yake sa shi tsagewa shi ne a bar shi ya sha ƙishirwa sa'an nan a kwarara masa ruwa, saboda haka ki riƙa ba shi daidai kullum. Albasa ki cire ta da sauran mako biyu ko uku, ki shanya a inuwa inda iska take shiga, kada kuma ki ɓare ta har ki kai ga farin jiki. Kuɓewa ki ɗebi matasa, waɗanda in kin lanƙwasa bakinsu sai su karye ɓas. Karas ki jiƙa ƙasa sosai kafin ki tuge, don kada ya karye. Alayyafo da latas da asuba ake yankarsu, a yayyafa ruwa, a rufa da jiƙaƙƙen ƙyalle. Fure ma da asuba ko da yamma, ki tsoma karansa a ruwa nan take, ki cire ganyen da zai nutse. Kada ki fesa maganin ƙwari ana gab da ɗiba, domin akwai mai ɗanɗanawa, akwai kuma 'ya'yanki da za su ci saura. Ki tafi da ɗaya ko biyu na ƙari, ko wani zai fashe a hanya, amma a kan tebur ki ajiye adadin da aka ce.

Abinci kuwa ki gwada shi sau biyu ko uku kafin ranar, ki ba wadda ba ta jin nauyin gaya miki gaskiya ta ɗanɗana. Alkaki ya zama girma ɗaya, ya soyu har ciki ba tare da ya ƙone ba, ya sha zuma ba a baya kawai ba. In kek za ki yi, ga ma'aunin wanda Ingilishi suka sa wa sunan Sarauniya Biktoriya, wanda ya fi kowanne yawa a teburinsu. Ki auna ƙwai da ɓawonsa, sa'an nan fulawa da sukari da bota kowanne ya zama nauyin ƙwan, ki ƙara 'yar bekin foda. Wadda ba ta da abin gashi na zamani ta zuba yashi a gindin babbar tukunya, ta ɗora gwangwanin a kai, ta sa garwashi a kan murfi. Kada ki yawaita buɗewa, zai faɗa. Ki bari ya huce kafin ki rufe shi. Faranti ko faifai ya zama mai tsabta, kome tsufansa. Abu na ƙarshe, ki ji tsoron Allah, kada ki sayo a kasuwa ki ce naki ne. Wannan ha'inci ne, kuma unguwa ta san abin da yake bayan ɗakin kowa.

'Yan matanmu na makaranta, ku ne ƙafafun iyayenku kuma ku ne alƙalaminsu. Ku karanta musu ƙa'ida, ku rubuta musu suna, ku kai musu kaya. Kowace ta samu tsohon littafi ta riƙa rubuta ranar da ta shuka, da ranar da ya yi fure, da yawan abin da ta ɗiba. Lissafi da kimiyyar da ake koya muku ke nan, sun sauko daga allo. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin mata kuma ba sai sun jira hukuma ba. Aji ɗaya da tebura huɗu da alƙalai biyu masu gaskiya sun isa a fara, kyauta ko da sabulu ce da turmin atamfa.

Bara mun koma, ni da 'yan matana, da tumatir shida a kan faifai. Mun zo na uku, kuma na tabbatar sunan yarinyar da ta fi kowa ɗaukar ruwa aka kira. Har yau katin yana manne a bangon ajinmu. Faifan tsohuwar nan ya sake cinye mu, kuma har wa yau dattijon ne ya fito ya karɓa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina fata nuni mai zuwa za a kira sunan mai aikin, in tashi in yi mata tafi, ko da ni ce ta ƙarshe.

Duk wadda ta taɓa shiga irin wannan gasa a garinsu, ko take da wani ra'ayi dabam da nawa, ta rubuto mana mu ƙaru da juna. Allah ya sa albarka a abin da hannuwanmu suke yi, ya ba mu damina mai albarka, ya bar mu lafiya da mazajenmu da 'ya'yanmu, amin. Sai mun sake saduwa.